Yadda zaka shirya yawon buɗe ido a Abuja daga Juma'a zuwa Lahadi

Mutanenmu da yawa sun sha zuwa Abuja amma in ka tambaye su me suka gani sai suce maka sakatariya da tashar Jabi, saboda kullum wata buƙata ce ke kai mu, ko intabiyu ko bin fayil ko ɗaurin aure, a shiga da sassafe a fito kafin la'asar. Alhali garin yana da wuraren da ya kamata ace mutum ya ɗebi iyalinsa ko abokansa takanas sun je sun kashe kwarkwatar ido, kuma kwana biyu sun isa in an tsara. Matsalar guda ɗaya ce, Abuja gari ne mai faɗi, ba'a gina shi don mai tafiya a ƙasa ba, tsakanin wuri da wuri akwai nisa sosai, duk wanda ya shiga ba tsari to kuɗinsa a mota zasu ƙare, lokacinsa kuma a bakin titi yana jiran tasi. Don haka komai na wannan shirin, masauki ne ko abinci ko wurin zuwa, da taswirar garin zaka auna shi.

Mataki na farko: wane sati zaka je

Ba kowane ƙarshen mako ne ya dace ba. In ganin duwatsu tas kake so da hoto mai kyau to ka nufi ƙarshen damina, Oktoba zuwa farkon Nuwamba, lokacin gari yayi kore shar, ruwa ya fara ɗaukewa kuma hazo bai sauko ba. Disamba da Janairu akwai sanyi mai daɗin yawo amma hazo yakan rufe sama har ka tsaya a Asokoro kana hangen dutsen Aso dishi-dishi. Fabrairu zuwa Afrilu zafi ne, in da yara ne zaka sha ƙorafi. Tsakiyar damina kuma ruwa yana iya tsare ka a ɗaki rabin yini, kuma kai kwana biyu kacal gareka.

Sannan ka duba kalanda. Ranar 1 ga Oktoba, 12 ga Yuni, 15 ga Janairu ranar tunawa da 'yan mazan jiya, ko satin da wata jam'iyya take babban taronta a Eagle Square, duk ana iya rufe titunan tsakiyar gari, kuma wuraren da kazo gani kenan. In taron jam'iyya ne ma otal-otal cika suke kuɗin ɗaki ya tashi.

Abin daɗin shine ranar Juma'a ma'aikata ficewa suke daga Abuja, masu iyali a Kaduna, Kano, Minna, Jos duk sun kama hanya, sai Lahadi da yamma ko Litinin da asuba su dawo. Kaga kai lokacin da suke fita kake shiga, lokacin da suke dawowa kake fita, gosulon yana ɗaya hannun, kuma ranar Asabar da Lahadi tsakiyar garin fayau yake kamar an share.

Mataki na biyu: ta ina zaka shiga

In daga Kaduna kake ko zaka iya isowa Kaduna da wuri, jirgin ƙasa yafi kwanciyar hankali musamman mai tafe da mata da yara. Yana tashi daga Rigasa, layin kilomita 186 ne, tun 2016 aka buɗe shi, yana tsayawa a Kubwa sannan ya ƙare a Idu. Tikitin a intanet ake saye da lambar NIN, kuma sunan da ke kan tikiti shi za'a duba da katinka a ƙofa, don haka kada ka yarda wani ɗan cuwa-cuwa ya sayar maka da tikiti mai sunan wani. Ka duba jadawalin a satin da zaka tafi, kada ka dogara da wanda wani ya turo a guruf wata uku da suka wuce, ana canza lokutan tashi kuma wani lokacin ana rage yawan zirga-zirgar. Da an buɗe sayar da na dawowa ka saya kada ka bari sai ka isa. Rigasa kuma ba cikin gari take ba, ka ware lokacin isa tashar daban.

Inda mutane ke tafka asara shine wurin sauka. In masaukinka Kubwa ne ko Gwarinpa ko Dutsen Alhaji to a Kubwa zaka sauka, in ka zarce Idu sai ka biya mota ta dawo da kai baya. In kuma Jabi ne ko Utako ko Life Camp ko Wuse to Idu ce taka.

In mota ce, daga Kano sama da kilomita 400 ne, ka biyo Zariya, Kaduna, Kateri, Jere, Tafa, Madalla sai Zuba, daga nan ka hau babban titin Kubwa ya shigar da kai gari. Ka shiga motar farko ta asuba a tasha, mai rubuta sunan fasinja, ba ta bakin hanya ba, kuma tun kafin ka biya ka tambayi direba a ina zai sauke ku, Zuba ko Jabi, don wasu a Zuba suke juye fasinja kuma daga Zuba zuwa cikin gari wata tafiyar ce da kuɗinta. Hanyar Kaduna zuwa Abuja an daɗe ana aiki a kanta kuma kowa yasan tarihinta ta fannin tsaro, don haka da rana ake binta, wannan ba abin musu bane. Mutanen Bauchi, Gombe, Jos da Lafiya kuwa ta Akwanga da Keffi zaku shigo, ku ratsa Mararaba da Nyanya ku faɗo mahaɗar AYA da ke Asokoro.

Jirgin sama in da hali ba laifi, amma ka sani filin jirgin Nnamdi Azikiwe kusan kilomita 40 ne daga tsakiyar gari, kuɗin motar da zata shigo da kai ma wani kasafi ne. Akwai ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari da ya haɗa filin jirgi da Idu da tsakiyar gari, an dawo da shi aiki a 2024, sai dai ka tambayi lokutansa tukuna don ba kowane lokaci yake tashi ba.

Mataki na uku: masauki, kuma a nan ake cin riba ko a faɗi

Kusan kowa yana da ɗan uwa "a Abuja". To kafin kayi murna ka tambaye shi, yaya wace unguwa kake? Don da yawa in suka ce Abuja to Mararaba suke nufi ko Masaka, wanda jihar Nasarawa ce, ko Suleja da Madalla wanda jihar Neja ce, ko Gwagwalada can hanyar Lokoja. Ba aibu bane, kuɗin haya ne ya kori mutane waje, amma kai mai kwana biyu in kullum sai ka ci awa guda ko fiye kafin ka shigo gari, ka sake cin wata wajen komawa, kuma dole ka koma da wuri kada ka tsayar da masu gida, to rabin yawon ya tafi. In dai zaka sauka wajen ɗan uwa ka kira shi sati guda kafin ranar, kace kawu ko yaya zamu shigo ranar kaza mu kaza ne, kwana biyu zamuyi, kada ka dirar masa da mutum biyar yana ɗaki biyu. Ka riƙo tsarabar gida, kuma kada ka ɗora ranka akan motarsa da mansa, in yayi tayi alhamdulillahi ka zuba mai, in bai yi ba ka kama gabanka cikin mutunci.

In otal ne, Wuse, Garki, Utako da Jabi sune tsakiya, daga nan ko'ina kusa ne. Maitama da Asokoro na manya ne. Kubwa, Lugbe da Gwarinpa sun fi sauƙi. Lissafin da zakayi ba kuɗin ɗaki kaɗai bane, ka haɗa kuɗin ɗaki da kuɗin motar shiga da fita na kwana biyu sannan ka gwada, sau da yawa zaka ga ɗakin Utako da ya ɗan fi tsada shine mai arha a ƙarshe, balle in ku huɗu ne.

Ka kira otal ɗin da bakinka ka tambaya: wuta kwana take ko akwai lokacin kashe janareta, akwai ruwan zafi, akwai wurin fakin, ƙarfe nawa ake sallamar ɗaki ranar Lahadi, sannan tambayar da mutane ke mantawa, akwai kulob ko wurin biki a harabar? Don daren Juma'a da Asabar in aka saki kiɗa a ƙasan tagarka sai asuba, ga yara ga iyali. Masu tafiya da yawa kuma gidan haya na kwana-kwana mai kicin yakan fi sauƙi, ku dafa shayinku da indominku da safe, amma dan Allah kada ka tura wa wani cikakken kuɗi don kawai kaga hotunan falo a Instagram, ka tura wanda ka sani ya je ya gani ko ka biya in ka iso.

Mataki na huɗu: kuɗi da kaya

Farashi yanzu baya zama wuri ɗaya, don haka ka kira wanda ke garin ya faɗa maka na wannan satin. Abinda zan ce shine ka raba kuɗin gida-gida tun daga gida: na zuwa da dawowa, na masauki, na mota cikin gari, na abinci, na shiga wurare da tsaraba. Na mota cikin gari duk abinda ka ƙiyasta ka ƙara rabinsa a kai. Na dawowa kuma ka ware shi wani asusun ko wani aljihun da hannunka baya kaiwa. Ka riƙe tsabar kuɗi ƙananan canji saboda tasi da masu ruwa da masu tabarma, taransifa tana aiki kusan ko'ina amma ranar da netwok zai ƙi ka, a gaban mai kifi zai ƙi ka.

Kaya kaɗan: katin shaida a jikinka kullum, fawa bank, takalmin da zaka iya tafiya dashi ba sabon da zai ci maka ƙafa ba, lema in damina ce, darduma ko tabarma, kayan Juma'a, maganin da kake sha. Ka sauke taswirar Abuja a Google Maps tun kana gida yanda zata yi aiki ko ba data. Batun sallah kuma matafiyi ne kai, tunda baka yi niyyar kwana huɗu ba kana da sauƙin ƙasaru, kuma masallatai ba wuyar samu, kusan kowace kasuwa da tasha da filaza akwai.

In da motarka zaka shiga to takardu su zama cikakku kuma basu ƙare ba, lasin, inshora, takardar gilashi mai duhu in kana dashi, abin kashe gobara, don 'yan Road Safety na Abuja basa wasa kuma lambar wata jiha tana jan ido. Kada ka tsallake danja ko da titi ba kowa, kada kayi fakin inda kaga babu wanda yayi. Titunan kuma in ka wuce kwanarka ba'a juyawa nan take, sai kayi tafiya mai nisa kafin ka samu gadar da zata dawo da kai, gara ka rage gudu ka saurari taswira.

Mataki na biyar: yanda ake yawo cikin garin

Wanda ya saba da Kano ko Kaduna inda kana ɗaga hannu adaidaita zata tsaya, to ya cire wannan a ransa. An hana acaɓa a tsakiyar Abuja tun 2006, keke kuma sai cikin unguwanni da garuruwan gefe. Abinda ya rage maka uku ne. Akwai tasin haɗaka da suke cewa alon, ka tsaya a bakin titi direba ya rage gudu yana hon, ka leƙa ka faɗi inda zaka, Berger ko Area 1 ko Banex ko AYA, in hanyarsa ce ya tsaya in ba ita bace ya ƙara gaba ko kallonka bazai sake ba, mutum huɗu a baya, shine mafi arha amma sai ka san sunayen mahaɗun. Akwai na waya irinsu Bolt da inDrive, ka ga kuɗin tun kafin ka shiga kuma ka ga lambar motar. Sai shata, ka ɗauki mota guda ta yini ko rabin yini.

A ganina baƙo mai iyali ko abokai uku huɗu, shatar rabin yini ranar Asabar da safe ita ce dabara, saboda wuraren tsakiyar gari tsayawar minti goma sha biyar ce kowanne, in kace kowanne sai ka kira sabuwar mota zaka gaji. Ka samu direban ta hannun otal ko ɗan uwanka, ku gama magana tun daren Juma'a, awa nawa, ina da ina, mai a kan wa, kada a bar komai a "sai yanda ka gani Alhaji".

Sai maganar 'yan wan-cans, wadda ba don tsoratarwa nake kawo ta ba amma dole a faɗa. Ɓarayi ne da ke yawo da mota kamar tasi, da mutanensu a ciki kamar fasinja, in ka shiga su kulle ƙofa su karɓe waya su kwashe kuɗin asusu. Rigakafin: ka shiga mota a inda ake lodi a ƙarƙashin 'yan yuniyon, ka guji mai baƙin gilashi ko wadda ba lamba, in an buɗe maka ƙofa ana so lallai ka zauna a tsakiya kace a'a, in ka ji an fara wata hira ta wai wani fasinja ya bar jakar kuɗi a but to ka nemi sauka a inda mutane suke. Bayan magariba kuma ka manta da alon gaba ɗaya, ka kira ta waya, ka duba lambar ta dace da wadda ke allon wayarka, ka tura wa wani bayanin tafiyar. Ke 'yar uwa in ke kaɗai ce wannan ya fi shafarki.

Juma'a

Wanda ya taso daga Kaduna ko Minna ko Keffi da safe zai iya samun Juma'a a Babban Masallacin Ƙasa, kuma in zaka iya to kayi, don ganin masallacin ranar Juma'a daban yake da ganinsa ranar Asabar. A 1984 aka gina shi, ƙubba ruwan zinare da hasumiya huɗu, kana hango shi daga nesa. Ka isa kafin ƙarfe 1 don hanyoyin wurin cikewa suke, ka riƙe takalminka a leda, bayan an idar kuma ka ɗan zaga wajen masu kasa kaya, huluna, turare, dabino, littattafai, zaka ji Hausar kowace jiha a wurin. Mutumin Kano ko Sakkwato ko Bauchi kam da wuya ya riski wannan, yayi sallarsa a hanya, ya shigo ya huta, masallacin yana nan gobe.

Daren Juma'a kada ka cika wa kanka, abinci kawai. In kana ɓangaren Garki ko Asokoro ko ka shigo ta Keffi, kasuwar barikin Mogadishu da mutane ke cewa barikin Abacha tana kusa, can ne gasasshen kifin da ake labari. Zaka tarar da mata jere da manyan waya na gashi hayaƙi na tashi, kowacce tana kiranka, ka zaɓi kifinka ɗanye da idonka, ku gama ciniki kafin ya hau wuta ba bayan ya sauko ba, kace a rage yaji in da yara, a kawo shi da soyayyen dankali. Bariki ne, akwai bincike a ƙofa, katinka ya zama a kusa. Kuma gaskiya wurin akwai masu shan abin shansu, in hakan bai maka ba kaje da wuri kace a naɗe maka ka tafi dashi masauki.

Asabar, ranar aikin

Ka fito ƙarfe 8 ko kafin nan. Tsarin shine ka fara daga ƙofar gari ka miƙe har gindin dutsen Aso, sannan da rana ka juyo yamma ka ƙare a Jabi, layi guda ba komawa baya.

Fara da City Gate a hanyar filin jirgi, a ɗau hoton "mun zo Abuja" a wuce, motoci na gudu a wurin don haka a riƙe hannun yara. Kusa da nan babban filin wasa na ƙasa yake, wanda aka gina don wasannin Afirka na 2003, yanzu sunan Moshood Abiola yake ɗauke dashi, ga kuma wurin wasan yara na Magic Land a gefen, amma in ka shigar da yara nan da safe to ka sallama sauran shirin, ka bari sai in lokaci ya ragu.

Daga nan tsakiyar gari. Masallacin Ƙasa, can gabansa babbar cocin ƙasa, sai sakatariyar tarayya da Eagle Square inda ake rantsar da shugaban ƙasa, daga nan kana hangen koriyar ƙubbar Majalisar Tarayya da dutsen Aso a bayanta, Kotun Ƙoli da fadar shugaban ƙasa duk a wannan kusurwar suke. In da yara 'yan makaranta nan ne wurin basu labari, cewa Janar Murtala ne ya yanke shawarar dawo da babban birni nan daga Legas a 1976, amma ba'a tare ba sai 12 ga Disamba 1991 zamanin Babangida, kuma kafin duk wannan ƙasar Gwarawa ce da gonakinsu. Gargaɗi guda: waya a aljihu in kun matso wajen fada, bariki, ofisoshin jami'an tsaro ko ofishin jakadanci. In kana shakka ka tambayi jami'in da ke tsaye, ranka ya daɗe an yarda a ɗau hoto nan? In yace a'a to a'a ce, kada ka tsaya kawo hujja.

Sai gidan zoo da wurin wasan yara na Asokoro, wanda yake gindin dutsen Aso ta baya. Dabbobin ba yawa garesu ba, wanda ya san gidan zoo na Kano kada ya sa rai da yawa, amma don ganin dutsen kusa da kusa da samun fili yara su yi gudu ya isa a je.

Azahar ta same ka a Millennium Park da ke Maitama. Sarauniyar Ingila Elizabeth ce ta buɗe shi a Disambar 2003, shine babban lambun garin, wani ƙaramin rafi ya raba shi biyu, gefe guda an tsara shi da hanyoyi da furanni, ɗaya gefen an barshi da bishiyoyinsa. Nan zaka sallami mai shata, ku shimfiɗa tabarma a inuwa ku ci abinda kuka riƙo, kuyi sallah, ku miƙe ƙafa awa guda ko biyu. Ranar Asabar zaka ga amare da angwaye ana ta hoto, masu ɗaukar hoto kuma zasu biyo ka, in baka so kace na gode tun kafin ya ɗaga kyamara.

In akwai siyayya to kasuwar Wuse a yau ne, don da yamma wajen 6 ake tashi kuma ranar Lahadi ba abin dogaro bace. Amma tsakani da Allah wanda ya fito daga garin da ke da Kwari ko Sabon Gari ba abinda zai saya a Wuse da arha, kallo ne kawai, in lokaci ya ƙure ka tsallake ta ba asara.

La'asar sakaliya sai tafkin Jabi. Rana tayi sanyi, iska na kaɗawa, akwai jiragen ruwa na haya da dawakai a ɓangaren lambun, ɗaya ɓangaren kuma Jabi Lake Mall ne mai shaguna da wuraren cin abinci da ke kallon ruwa. In zaku shiga jirgi kowa ya sa rigar kariya har babba, a ɗaure ta da kyau, in mai jirgin yace babu ko ba sai an sa ba to ku fasa, kuma ku tsayar da kuɗi da tsawon zagayen tun kuna kan tudu. Magariba tayi ku nemi tsire ko masa a nan Jabi ko Wuse 2 ku koma masauki, kada kuce zaku tsallaka gari zuwa bariki a daren, gabas da yamma ne.

Lahadi: wuri guda, kuma ya zama a kan hanyarka ta gida

Nan ne zari ke kama mutane, a ce dutsen Zuma da magangarar ruwan Gurara da ƙauyen Ushafa duk yau. Bazai yiwu ba. Ka tattara kayanka ka sallami ɗaki da safe, sannan ka zaɓi guda ɗaya gwargwadon ta inda zaka fita.

In jirgin ƙasa zaka hau a Kubwa, Ushafa ce taka, ta Dutsen Alhaji hanyar Bwari. Ƙauye ne a tsakiyar duwatsu da ya shahara da ginin tukwane, har Bill Clinton ya ziyarce shi a 2000 lokacin yana shugaban Amurka. Zaka ga mata na gina tukunya da hannu, suna zagaya ta suna ɗora yumɓu suna shafewa, kuma a hanya in ka lura zaka ga matan Gwari da kayansu a kafaɗa ba'a ka ba. Ka sayi ƙaramin abu da bazai fashe a jirgi ba, kasko ko 'yar tukunyar turaren wuta, a naɗe maka cikin zani. Madatsar ruwan Usuma da ke shayar da Abuja tana kusa, amma ba wurin da ake faɗawa kai tsaye bane sai da izinin masu gadi. Yankin Bwari ya taɓa fama da matsalar tsaro, don haka ka tambayi mutanen gari halin da ake ciki a satin, kaje da hantsi ka dawo, banda hawa dutse kai kaɗai.

In da mota zaka koma ta Kaduna to dutsen Zuma yana bakin hanyarka a Madalla, shine wanda ke jikin naira 100, ka fito da takardar ka nuna wa yara su gwada da idonsu, a nemi wurin da yayi kama da fuskar mutum a jikin dutsen. Ka samu wurin tsayawa mai kyau nesa da kwalta saboda tireloli. In da sauran lokaci ka leƙa Suleja, don ita ce Abuja ta asali, garin da sarakunan Haɓe na Zazzau suka kafa bayan jihadi, da za'a gina sabon birni aka ɗauki sunan, ita kuma aka sa mata na Sarki Sulaimanu Barau, kuma har yau Sarkin Zazzau Suleja ake cewa. A garin ne Ladi Kwali, wadda ke jikin naira 20, tayi aikin tukwanen da ya kai sunanta har Turai.

Gurara kuwa sai mai motar kansa da ya fito da sassafe, ana ratsewa ne ta Dikko a kama hanyar Minna. Da damina da ƙarshenta ruwan yana zubowa da ƙarfi da ƙara har sai kun ɗaga murya, da rani yana raguwa sosai. Kallo ake daga tudu, duwatsun santsi garesu, ba'a shiga in ruwa ya cika ko da ka iya iyo.

Masu komawa ta Keffi ku ba abinda ya haɗa ku da wancan ɓangaren, ku bar gidan zoo na Asokoro sai yau da safe, daga nan AYA kusa ce ku kama hanya.

Tsaraba in kilishi ne Area 1 a Garki, ka ɗanɗana kafin a yanka maka, duk da masu yin ma 'yan uwanmu ne daga gida, mutanen gida zasu iya yi maka dariya ka kawo musu kilishi daga Abuja. Abinda yafi armashi ga mai mota shine kayan marmari a kasuwar Zuba, ayaba, lemo, abarba, sai doya a bakin hanya wajen Tafa da Jere.

Lokacin tashi ka lissafa shi daga baya: ƙarfe nawa kake so ka isa gida da sauran rana, ka cire awannin tafiya, ka sake cire awa guda na gosulo da tsayawar sallah. Mai zuwa Kano ya zama ya bar Zuba kafin 11 na safe, mai zuwa Kaduna kada ya wuce 2 na rana, mai jirgin ƙasa kuma ya isa tasha da aƙalla minti 45 a hannu saboda layin binciken kaya da duba tikiti.